Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan Shirin Tura Shugabannin 'Yan Kadet Horo a Tsaunin Shere, Jos

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwar ban girma da addu'ar Allah ya ƙara wa fada lafiya da zaman lafiya, mu iyayen yara da malaman da ke kula da ƙungiyoyin kadet na Man O' War, wato ɗalibai 'yan sa-kai masu kaki da ake koya wa fareti da ɗa'a, a makarantun sakandaren wannan gunduma muna kawo kukanmu gabanka game da ɗaliban da za a tura kwas ɗin horon shugabanci a Jos idan aka yi hutun ƙarshen zangon farko. Roƙonmu shi ne ka sa baki tun yanzu, domin a zaɓi waɗanda suka cancanta, a kuma shirya su yadda ya kamata kafin ranar tashi.

Wurin da za a kai yaran nan, wato cibiyar horon shugabanci da ke Tsaunin Shere, tsohuwar cibiya ce mai daraja. Wani Bature ɗan Birtaniya, Alec Dickson, ya kafa ta a shekarar 1951 a gaɓar tekun Man O' War Bay kusa da garin Victoria, wanda ake kira Limbe a yau, a lokacin da kudancin Kamaru ke haɗe da Najeriya. Bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 yankin ya koma Kamaru, cibiyar kuwa ta ci gaba da aikinta a ƙasar Filato. A yau tana ƙarƙashin ma'aikatar matasa ta Gwamnatin Tarayya, tana da rassa a wurare irin su Apapa a Legas da Kwatarkwashi a Zamfara da Fika a Yobe, kuma jami'an Man O' War ne ke taya sojoji horar da masu yi wa ƙasa hidima a sansanoninsu. Horon da ake bayarwa a Shere ya ƙunshi hawan duwatsu da saukowa da igiya, tsallake shingaye, doguwar tafiya da kaya a baya, kwana a daji, karatun taswira da taimakon gaggawa, sannan a ɗora wa yaro jagorancin 'yan uwansa a ga yadda zai yi da su idan gajiya da yunwa suka taso.

Babban abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya, ranka ya daɗe, shi ne yadda ake zaɓen masu tafiya. A tafiyar da ta gabata malamai sun miƙa sunayen ɗaliban da suka daɗe suna fitowa fareti, suna tsaron ƙofar makaranta, suna tsara layi a taron safe, amma da takardar ta dawo sai aka tarar an cire wasu an cusa 'ya'yan masu uwa a gindin murhu, waɗanda ko sau ɗaya ba a taɓa ganinsu a filin atisaye ba. Mun san dalili: mutane da yawa sun ɗauka takardar shaidar kwas ɗin tana buɗe ƙofar shiga aikin soja ko ɗan sanda ko shige da fice, alhali kowane ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka yana da nasa sharuɗɗa da jarrabawa. Ɓarnar da wannan ya jawo ta wuce ɓacin ran yaran da aka bari a gida. Wanda aka cusa ya dawo da muƙami a kafaɗa, aka ce ya shugabanci waɗanda suka fi shi sanin aikin, su kuwa suka ƙi yi masa biyayya, har wasu suka ajiye kakinsu gaba ɗaya. Yaron da aka koya wa tun yana sakandare cewa shugabanci da alfarma ake samunsa, da wuya a cire masa wannan darasi daga baya. Saboda haka muna roƙo a tantance sunayen bana bisa rajistar halartar atisaye da shaidar shugaban makaranta kan halin yaro, a karanta su a fada a gaban iyaye da dagatai, ka sa hannu, domin kada wani ya sake taɓa takardar a hanya.

Sai batun shiri, don Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Garin Jos yana bisa tudu mai tsayin sama da mita 1,200 daga gaɓar teku, ƙololuwar Shere kuwa ta kai kusan mita 1,800, kuma tafiyar ta faɗo a tsakiyar hunturu. Yaron da ya tashi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu, bai saba da hawa ba, bai saba da irin wannan sanyi ba, yana buƙatar makonni yana gudun safe da tattaki da kaya a baya kafin jikinsa ya ɗauka. Filayen wasu makarantunmu sun ƙuntata saboda gine-gine, don haka muna neman izininka a yi amfani da filin idi bayan sallar asuba da kuma ranakun Asabar. Haka nan takalmi sau-ciki mai ƙarfi dole ne a saye shi da wuri a riƙa sa shi, domin sabon takalmi a kan dutse ƙafa yake salewa, ga kuma rigar sanyi da bargo da gorar ruwa da tocila, waɗanda ba kowane gida ke iya saya a lokaci guda ba.

Gwajin lafiya ma ba abin wasa ba ne. Ciwon sikila da asma da farfaɗiya suna nan a cikin gidajenmu, kuma wasu iyaye kan ɓoye don kada ɗansu ya rasa dama, ba tare da sanin cewa wahala da sanyi da ƙarancin ruwa a jiki suna tayar wa mai sikila ciwonsa ba. Muna roƙo ka yi magana da shugaban asibitin ƙaramar hukuma a ware rana guda a duba dukkan yaran kyauta ko da rangwame, a kuma ɓoye sirrin wanda aka samu da larura.

Akwai 'yan mata a cikin waɗanda suka cancanta, kuma iyayensu sun amince bisa sharaɗin a haɗa su da malama mace tun daga gida har dawowa, a tabbatar masu da masauki na daban da sutura ta mutunci. Motar ma muna so ta zama guda ɗaya sananniya, ta tashi da sassafe ta isa da rana, kada a raba yara a tasha kowa ya nemi ta kansa.

Mun sani, ranka ya daɗe, cewa fada ba ta riƙe da baitulmali, amma kalmarka tana da nauyi a wurin Shugaban Ƙaramar Hukuma da jami'in ilimi na shiyya da attajiran garin nan. Idan ka kira su, kuɗin mota da na kwas ga marayu da 'ya'yan marasa ƙarfi ba zai gagara ba. Mu kuma mun ɗauki alkawarin rubuta duk abin da ya shigo da abin da aka kashe, mu karanta a gabanka bayan an dawo.

Akwai kuma abin da muke tsoro bayan dawowarsu. Matashi mai kaki da ya iya fareti abin kwaɗayi ne ga 'yan siyasa masu neman 'yan rakiya a lokacin yaƙin neman zaɓe. Muna roƙo ka ja kunnen kowa cewa waɗannan ɗalibai ne, ba a ba su sanda ko ikon kama kowa ba, kuma aikinsu shi ne horar da ƙannensu a makaranta, da taimakawa wajen tsara jama'a ranar idi da hawan sallah, da aikin gayyar tsabtace gari, duk a ƙarƙashin idon malamansu.

Muna roƙon a sa mana ranar da wakilanmu za su zo fada da rajistar atisaye da ƙiyasin kuɗin tafiya, tun kafin a fara jarrabawar ƙarshen zango. Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da nasara.

Mu ne masu biyayya gare ka,
Iyayen yara da malaman ƙungiyoyin kadet na makarantun sakandaren wannan gunduma.