Cinikin biri a sama: masu neman ƙaramin jirgi a intanet ku yi hattara

Malam Edita, assalamu alaikum, ina gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka baki ɗaya. Dan Allah ka bani ɗan fili a wannan jarida tamu in yi magana akan wata damfara da naga ta fara cin mutanenmu a ɓoye, wato tallan ƙarya na ƙananan jiragen sama na hannu da ake sakawa a intanet. Nasan wani zai karanta yace to mu da muke fama da kuɗin masara ina ruwanmu da sayen jirgi, eh gaskiya ne ba kowa abin ya shafa ba, amma waɗanda ya shafa ɗin 'ya'yanmu ne, yaran da iyayensu suka sayar da gona ko fili suka kai su kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya wadda take nan tun 1964, sun gama sun karɓi lasin amma aiki ya ƙi samuwa saboda kamfanoni sun fi son mai awanni da yawa a sama, sai kaga su uku ko huɗu sun haɗa kuɗi da na dangi wai su sayi ɗan jirgi mai kujera huɗu su dinga tara awanni. Akwai kuma 'yan kasuwa da masu manyan gonaki da hanya ta ishe su, suma sun fara leƙe-leƙe.

Ni makanikin jirgi ne, a wannan aikin na yi furfura, shiyasa irin waɗannan yaran suke turo min hoton talla a WhatsApp suce Baba duba mana wannan. Wallahi da yawa daga ciki kallo ɗaya nake yi in gane babu jirgin, ko kuma akwai jirgin amma mai tallan bai taɓa ko taɓa shi ba.

Yadda suke yi ba wani abu bane mai wuya. Akwai shafukan gaskiya da ake tallan jirage a Amurka da Turai irin su Trade-A-Plane da Controller da Barnstormers, to ɗan damfara zai shiga can ya kwashe hotunan jirgin wani bawan Allah tare da duk bayanin da aka rubuta, ya je ya saka a Facebook ko wani shafi daban, ko ma ya buɗe nasa shafin mai kama da na dillalin gaske ya canza harafi ɗaya kawai a sunan, sannan ya karya farashi. Mafi yawanci Cessna 172 ce suke sakawa don ita kowa ya sani, tun 1956 ake ƙera ta kuma an yi sama da guda 44,000, babu jirgin da aka ƙera da yawa kamarta. Sabuwarta yanzu ta haura dala 400,000, kuma ko tsohuwa ta shekarun 1970 mai lafiya ba abin arha bace, gyaran injinta kaɗai idan lokacinsa ya yi dubun dubatar daloli yake ci. Toh sai kaga wani yana cewa zai baka ita a kuɗin da bai kai na gyaran injin ba, kuma wai injin sabo ne fil. Dan Allah mutumin da yake Amurka inda masu saye suke rububin irin wannan jirgi, me zai sa ya tsallake su duka ya nemo ka a Kaduna ya yi maka alheri? Araha dai ba ta ado.

Kuma kullum da labarinsu na ban tausayi. Mijina ne ya rasu ya bar min jirgi ban san komai akai ba so nake kawai in rabu dashi, ko ni soja ne an tura ni wata ƙasa bazan iya magana a waya ba sai dai imel, ko jirgin yana hannun kamfanin dako an riga an ɗaure shi bazai yiwu a gani ba. Bayan labarin sai gaggawa ta biyo baya, wai akwai wani mai saye da zai biya gobe, ka turo kafin alƙalami yau in ajiye maka.

Amma abin da yafi damuna, wanda shine dalilin wannan wasiƙa, shine inda suke kama mu ta wajen da muke da rauni. Kowa ya san sunan da Najeriya ta yi a waje akan 419. Tsakanin 1995 zuwa 1998 Emmanuel Nwude da abokansa suka karɓi dala miliyan 242 daga hannun wani babban jami'in bankin Noroeste na ƙasar Brazil da sunan kwangilar filin jirgin sama a Abuja wanda babu shi, sai a 2005 kotu ta ɗaure shi bayan EFCC ta gurfanar dashi. Irin wannan tabon har yau yana bin mu. Saboda haka idan yaronmu mai gaskiya ya rubuta ma mai jirgi na gaske a Texas yace daga Najeriya nake, sau da yawa ko amsa bazai samu ba, ko ya samu amsa a daƙile. Ya rubuta ma wannan shiru, ya rubuta ma wancan shiru, can sai ya faɗa hannun wani da ya amsa cikin minti biyar da fara'a, yana ce masa ɗan uwa, ya yarda da komai, har da cewa zai kawo jirgin Kano da kansa. Yaro sai yaji sanyi a ransa yace alhamdulillahi yau na samu mutumin kirki da bai raina ni ba. To wannan ɗin shine ɓarawon. Mai jirgin gaskiya yana da tambaya, yana so ya san kai waye, kuɗinka daga ina, wa zai zo duba jirgin, don shima tsoronka yake ji. Wanda bai tambaye ka komai ba sai yaushe zaka tura kuɗi, ka gudu.

Alhali jirgi ba abu bane da yake ɓuya. Kowane jirgi yana da lambar rajista a jikinsa manya-manya, na Amurka yana farawa da N, na Ingila da G, na Afirka ta Kudu da ZS ko ZU, namu na Najeriya 5N, na Nijar 5U. Hukumar jiragen Amurka wato FAA tana da shafi kyauta da zaka rubuta lambar ya nuna maka irin jirgin da shekarar ƙira da lambar masana'anta da ko rajistar tana da rai, Ingila ma tana da nata da ake kira G-INFO. Idan lambar ta nuna jirgi ƙirar Piper alhali hoton Cessna ne, ai magana ta ƙare. Idan an goge lambar a hoton ko an rufe ta kuma ka tambaya aka fara kwana-kwana, nan ma ta ƙare. Ka saka lambar a shafin bibiyar jirage na FlightAware kaga inda jirgin ya tashi kwanan nan, wani sai yace maka jirgin na ajiye a Landan shekara biyu alhali shekaranjiya ya sauka a Florida. Ka ɗauki hoton ka saka a binciken hoto na Google, sau da yawa zai fito maka da tallan asali da farashin asali, wani lokacin ma an daɗe da sayar da jirgin. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka NTSB ita ma tana da rumbun bayanai a buɗe, da lambar zaka gane ko jirgin ya taɓa yin haɗari.

Sai dai kar wani ya ɗauka da lamba ta yi daidai shikenan, ai su ma ɓarayin sun san wannan shafin, daga nan suke ɗaukar sunan mai jirgin su buɗe imel dashi. Shiyasa nake cewa ka nemi bidiyo kol kai tsaye yana tsaye a jikin jirgin, kace ya zagaya ya nuna maka ɗan farantin ƙarfe da masana'anta ta manna mai ɗauke da lambar ƙira, ya buɗe ƙofa ya nuna agogon awanni, ya taɓa abin da kai ka zaɓa a lokacin ba wanda ya shirya ba. Sannan ka nemo lambar wayar filin jirgin da yace jirgin yana ajiye, kai da kanka ba wadda ya baka ba, ka kira ka tambaya ko sun san jirgin da mai shi. Ƙananan filayen nan kowa ya san kowa.

Sai maganar logbuk, nan ne mu makanikai muke kama ƙarya. Jirgi yana da littafin gangar jiki, da na inji, da na farfela, duk gyaran da aka taɓa yi da duk binciken shekara-shekara yana ciki da kwanan wata da sa hannu da lambar lasin wanda ya yi. Jirgin da littattafansa suka ɓata darajarsa ta faɗi warwas ko da fentinsa yana ƙyalli. Injin Lycoming na irin waɗannan jirage masana'anta ta ce a kwance shi a yi masa babban gyara idan ya kai awa 2,000, saboda haka tambayar farko ita ce awa nawa ya yi tun gyaran ƙarshe, wa ya yi gyaran, ina takardar. Mai jirgin gaskiya har daɗi yake ji idan ka yi masa irin wannan tambayar, zai cika ka da surutu akan jirginsa, ya gaya maka har silindar da ta taɓa bashi matsala. Ɗan damfara kuwa amsa ɗaya gare shi, komai lafiya ƙalau jirgi kamar sabo, idan ka matsa ya turo shafi biyu da ya sato, ka duba da kyau kaga awannin basu haɗu da na tallan ba.

Akwai wani yaro ɗan abokina da suka haɗa kuɗi da abokansa, sun tura kafin alƙalami kafin su zo wajena saboda an ce musu kada su gaya ma kowa kar wani ya riga su. Bayan sun tura sai aka ce sai kuɗin inshora, aka biya, sai kuɗin kwastan na can, sai kuɗin wata takarda, kowanne da rasit mai tambari mai kyau. Ranar da suka ce a nuna musu jirgin a bidiyo ranar lambar ta daina shiga. Yaron nan ya daɗe baya iya haɗa ido da mahaifinsa, kuma wallahi ba wawa bane, yaro ne mai ƙoƙari, zumuɗi ne da ɓoye magana suka kai shi.

Maganar biyan kuɗi kuwa, a harkar jirgi ba a tura ma mai sayarwa kuɗi kai tsaye. Akwai kamfanonin riƙon amana da ake kira eskuro, da yawansu a birnin Oklahoma suke don can ne ofishin rajistar FAA yake, su ne suke binciko ko akwai bashi ko jingina a kan jirgin, su riƙe kuɗinka su riƙe takardar cinikin, sai komai ya cika su saki. Amma a nan ma da tarko, domin ɓarayin suna ƙirƙiro nasu kamfanin amanar na bogi da shafi mai kyau. Kai zaka zaɓi kamfanin ba shi ba, kuma kafin ka tura ko sisi ka kira su a lambar da ka samo da kanka su karanta maka lambar asusun da baki, saboda akwai masu kutse cikin imel su canza lambar akawun ana tsakiyar ciniki na gaskiya. Duk wanda yace Western Union ko kirifto ko asusun wani mutum a wata ƙasa ta uku, kar ka ƙara ɓata katinka a kansa. Kuma ko komai ya yi daidai, sai injiniyan da kai ka ɗauka ka biya, wanda bashi da alaƙa da mai jirgin, ya je ya buɗe ya duba tsatsa da matsin silinda da matatar mai ya rubuto maka rahoto. Kuɗin wannan binciken kar ka ji ƙyashinsa.

Shi kuma alƙawarin nan na zan kawo maka Kano cikin sati ɗaya a kuɗi kaɗan, duk wanda ya san aikin ya san ƙarya ce. Cessna 172 da cikakken tanki tafiyarta bata wuce wajen kilomita 1,200 ba. Ko dai a cire fukafukai a saka ta a kwantena ta biyo ruwa a sake haɗa ta a nan, ko ƙwararren matuƙi ya bi da ita ta Kanada da Girinlan da Aislan da Sikotland yana jiran yanayi a kowane zango. Ga soke rajistar can, ga takardar shaidar lafiyar jirgi ta fitarwa, ga izinin shigowa da rajistar 5N a wajen hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya wato NCAA. Ga kuma man da irin waɗannan injina suke sha wato afgas, wanda samunsa a ƙasar nan aiki ne, har kwalejin Zariya ta koma sayen jiragen Diamond masu shan man jet. Mai sayarwa na gaskiya shi zai fara tsorata ka da waɗannan wahalhalun.

Malam Edita roƙona gare ku shine ku tura wakilinku ya zauna da mutanen NCAA su yi bayanin matakan shigo da ƙaramin jirgi dalla-dalla ku buga mana da Hausa, don iyayen da suke fitar da kuɗin nan yawanci ba Turanci suke karantawa ba, kuma su ne ya kamata su iya tambayar yaro ina lambar jirgin, wa ya je ya gani. Makarantun tuƙi suma su dinga zama da ɗalibai akan wannan kafin su yaye su. Wanda kuma abin ya riga ya faɗa masa, dan girman Allah kar kunya ta sa ya yi shiru, ya garzaya bankinsa a ranar ya nemi a dakatar da kuɗin don idan aka kwana biyu sun riga sun kwashe, ya ajiye duk imel da rasit da lambobin waya kar ya goge ko ɗaya, ya kai ƙara EFCC, in asusun da aka tura ma kuɗin a Amurka yake ya shigar da ƙorafi a shafin IC3 na hukumar FBI. Sannan ya yi hattara da waɗanda zasu biyo baya suce su lauyoyi ne zasu ƙwato masa kuɗinsa in ya biya wani abu, sau da yawa mutanen farkon ne suka dawo da sabon suna.

Nagode da fili, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku, wani tsohon makanikin jirgin sama, daga Kaduna.