Wasiƙa daga Tenesi: tanderun Dunlap

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Kwana biyu shiru, aiki ne ya sha kaina.

Na samu sarari na leƙa Dunlap, wani ƙaramin gari a kwarin Sekwaci nan jihar Tenesi ta Amurka, inda tsofaffin tanderun gasa kwal 268 suke jere cikin daji. Kowannensu kamar an kife ƙatuwar tukunya, ciki jan bulo mai jure wuta, waje dutse, ga rami a ka, ga ƙofa a gefe. Wasu sun rufta, bishiyoyi sun cusa saiwa tsakanin bulon. Na duƙa na leƙa ɗaya, bulon rufin ya narke ya yi santsi yana ƙyalli, tsabar wutar da ya sha.

A da, daga kan dutse ake haƙo kwal, a gangaro da shi a taragu, a zuba ta ramin sama, a baje. Sai a toshe ƙofar da bulo da laka, a bar 'yar kafar iska. Ba a kunna ashana, zafin da bango ya riƙe daga gashin baya shi ke tayar da wutar. Kwana biyu zuwa uku yana ci, hayaƙi da kwalta su fice, a kwara ruwa, a fasa ƙofa, a jawo shi da dogon ƙarfe. Wannan gasasshen kwal ake kai wa masu narka ƙarfe a birnin Catanuga, don ɗanyen ba ya jure nauyin tama, ga ƙazanta. Ka ƙiyasta mai jan ƙarfen nan a bakin ƙofa da rani!

A shekarun 1920 kamfanin da ke gasa kwal ɗin ya durƙushe, wuta ta mutu. Wurin ya koma juji, kowa ya kwaso shara sai can. Mutanen garin ne da kansu suka tashi suka kwashe, suka sare ciyawa, suka sake gina kantin kamfanin ya zama gidan tarihi. Ni wannan ya fi burge ni, fiye da sa wurin da aka yi a rajistar wuraren tarihi ta Amurka a 1985, don takarda ba ta kwashe shara.

In Allah ya kawo ka, ka zo da takalmi mai ƙwari, ƙasar duk ɓaraguzai ce. A gaida su Mama da yara.

Naka har kullum,
Amininka