Amsa ga Sarkin Noma kan batun dam ɗinmu

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan damina ta same ku lafiya.

A taron manoman rani na ranar Asabar ka miƙe gaban jama'a ka tambaye ni: tunda an ce dam ɗinmu yana cikin masu "babban haɗari", fashewa zai yi ke nan, mutanen gangare su fara haɗa kaya? Magariba ta kawo jiki ban amsa maka da kyau ba, shi ya sa na rubuto kowa ya gani.

Wannan laƙabi ba lafiyar dam yake aunawa ba. Abin da injiniyoyi ke dubawa shi ne, in ya fashe, wa ruwan zai tarar a hanya? Ko jiya aka gama dam, matuƙar akwai gari a ƙasansa, haka za a rubuta masa. Lokacin da aka tare rafin nan a zamanin Audu Bako, gonaki ne kawai a gangare. Yau ga gidaje, ga firamare, ga kasuwar tumatir. Mu muka matso kusa da shi.

Lafiyarsa kuwa magana ce daban, kuma nan ne hankalina bai kwanta ba. Makon jiya na bi bayansa da ƙafa. Na ƙirga suri uku, na ga ramin gafiya da hannuna ya shige har gwiwa, ga darbejiya ta girma a jikinsa. Kada kowa ya sare ta da kansa, domin in saiwar ta ruɓe a ciki, ta bar wa ruwa hanya. Dam ɗin da aka gina da ƙasa dama ba ya rasa tsattsafo a gindinsa. A ɗebi ruwan a farar kwalba a ajiye. In ya fito garau, da sauƙi. In laka ta kwanta a ƙasa, jikin dam ɗin ne ruwa ke kwashewa, kuma wannan ba labarin da ake bari ya kwana ba ne.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne buhunan yashin da aka jera a mazubar ruwa don a ƙara tara na rani. Na san tsadar man injin ban ruwa, na san dalili. Amma dam ɗin ƙasa ba ya jure ruwa ya haura kansa; yana fara zaizaya, sai ɓaraka. Kai ganau ne kan fashewar dam ɗin Bagauda a watan Agustan 1988, kuma duk mun ga abin da dam ɗin Alau ya yi wa Maiduguri a Satumban 2024, shekara 30 bayan ambaliyar 1994.

Roƙona, kafin marka ta kankama ka sa matasa su kwashe buhunan nan. Mu kai wa hukuma takarda a turo masu bincike, sannan ku zauna da dagaci a tsayar da wanda zai yi shela in ruwa ya taso da dare, da tudun da mutane za su nufa.

Naka,
tsohon injiniyan ruwa, ɗan garinku