Rage haraji bai iso ƙauyenmu ba tukuna

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan dokar haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025. An ɗauke harajin kuɗin shiga ga wanda samunsa bai wuce Naira 800,000 a shekara ba. Madalla. Amma mu manoma ba a albashi ake yankarmu ba. Buhun riɗi kafin ya isa kasuwar Gujungu ranar Lahadi, sai an biya a hanya, a biya a ƙofar kasuwa, wani lokacin ko rasit babu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne 'yan siyasar da ke cewa in haraji ya ragu, dole a rage ma'aikata. Ai tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kason jihohi ya ƙaru. Ina kuɗin suke shiga? Ƙanena an sallame shi daga wata masana'anta a Kano saboda tsadar dizal, ya dawo da mata da 'ya'ya uku, yau rumbu ɗaya muke ci. Na ga abin da sallama ke yi wa gida.

In tsuke bakin aljihu ya zama dole, a fara da ayarin motocin manya. Don Allah kada a taɓa malaman firamarenmu, da ma ba su ishe mu ba.

Naka,
Wani manomi daga ƙasar Ringim, Jigawa