Bindigar Soso ta Takwarana

Jidda, 14 ga Shawwal

Zuwa ga aminina Malam Tanimu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan an yi salla lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Ka gaida min Hajiya Inna, Allah ya ƙara mata sauƙin ƙafar nan. Mu nan sai godiya. Zafi ya fara sauka tare da danshin teku, amma ka san mai gyaran esi ba ya kuka da zafi, shi ne kakarmu.

Za ka ce me ya kai ni ɗaukar biro bayan ga waya a hannu. Dalili shi ne wasiƙar nan tare take da kwali. Alhajin layinku da ya zo Umrar azumi zai taso jibi in Allah ya yarda, na ba shi dabino da turaren maman yara, sai kuma alkawarin da na yi wa takwarana tun bara: bindigar wasa mai harsashin soso. Na roƙe shi ya sa ta a jakar da za a auna, kada ya riƙe ta a hannu ya jawo wa kansa tambayoyi a filin jirgi. To bindigar nan tana da labari, kuma na san halinka, kwana biyu ba za ta yi a gidanka ba sai ka ɗauko sukudireba. Shi ya sa na ce bari in riga ka.

Ranar salla ɗana Walid ya tara kuɗin idiyya, wato barka da sallarmu ta gida, ya matsa sai an kai shi Harajin Sawarikh, babbar kasuwar kayan gwanjo da ke kudancin gari. A can ya tsinci wata bindigar soso ta hannu, takardar jikinta ta goge har ba a san wanda ya ƙera ta ba. Muka dawo gida ya ɗana ya harba, harsashin ya faɗi a gaban ƙafarsa kamar an tofar da ƙwallon dabino. Yaro ya kwaɓe fuska zai yi kuka. Na ce kawo nan, ubanka da ke kwance kwamfuresa ai ba zai gagara gyara abin wasa ba.

Da na kwance ta, Tanimu, sai na yi dariya ni kaɗai. Ka tuna bindigar da muke yi a firamare da bututun biro da ɓawon lemo? A huda ɓawon da baki ɗaya, a huda da ɗaya bakin, a tura na baya da tsinke, iskar da ke tsakani ta matsu har na gaba ya yi tsalle ya ce fau a ƙeyar wani. Wallahi ita ce, an dai sa mata riga mai launi. A ciki akwai bututu mai faɗi kamar na sirinji, da fistin da ke kai da komo a cikinsa, da zoben roba a kan fistin ɗin don kada iska ta zurare ta gefe, sai sifirin a bayansa. Idan yaro ya ja abin ɗanawa baya, fistin ya matse sifirin, wata 'yar sakata ta faɗa cikin tsaga ta riƙe shi. Kunamar da yake ja da yatsa ba ta tura komai. Aikinta kawai ta zare sakatar nan, sifirin ya miƙe, fistin ya kora iska gaba.

Abin da ya ɗau hankalina shi ne faɗin bututun. Na fistin ya fi na harsashi faɗi sosai, don haka iskar da ta cika babban ɗaki dole ta bi ta ƙaramar ƙofa, kamar yadda ruwan tiyo ke ƙara gudu in ka toshe rabin bakinsa da yatsa. Ta haka harsashi ke fita da gudun da ya fi na fistin ɗin da ya koro shi. Laifin ta Walid ma a nan yake: zoben robar ya bushe ya tsattsage, iska na gudu ta baya. Na laluba akwatin aikina na sami zobe daidai shi, na shafa masa man silikon kaɗan, na mayar. Harbin farko ya tsallake falo ya daki labulen ɗaki. Walid ya yi ta tsalle.

Da na tsaya a nan da an rabu lafiya.

Sai dai na ga wani abu a gindin bututun harsashi da ban gane amfaninsa ba: ɗan bawul na roba mai ƙaramin sifirin, da wani siririn tsinke a tsakiya. Na hura da baki, na ji yana tare iska. Na ce a raina ai wannan shi ke cinye ƙarfin, masu ƙerawa sun yi wauta. Na sa filaya na fasa shi na fitar. Ban tsaya nan ba, na kama babban sifirin na ja shi ya ƙara tsawo. Kwana ɗaya bindiga ta yi ƙarfi har yaran maƙwabta suka taru kallo, ni kuma ina ta hura hanci. Washegari da la'asar ƙanwarsa Ummi ta ɗauka ta yi ta harbawa babu harsashi a ciki, don ƙarar ke ba ta sha'awa. Kan fistin ya tsage gida biyu. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Maman Walid ba ta ce komai ba, kallo ɗaya ta yi min ta koma kicin, kuma da ta yi magana da ya fi min sauƙi.

Daren nan na zauna da ɓaraguzan a kan tabarma ina juya su, sai na gane abin da na fasa. Bawul ɗin nan a rufe yake idan babu harsashi. Harsashin ne ke tura shi ya buɗe lokacin da aka cusa shi. In aka harba babu komai, iskar ba ta da hanyar fita da sauri, sai ta zame wa fistin matashi, ya sauka a hankali maimakon ya daki ƙarshen bututu. Ni da kullum nake faɗa wa yaran shagona kada su tada kwamfuresa babu mai, ni ne na cire wa fistin matashinsa. Tsinken tsakiya kuwa, shi ke shiga ramin da ke cikin harsashin soso. Abin da ba shi da rami, irin su fensir ko ƙusa ko tsakuwa, ba zai zauna ba balle a harba shi. Wanda ya zana abin nan ya san yara sarai, ya kuma san irinmu iyayen yara masu filaya. Jan sifirin da na yi shi ma banza ne, ƙarfen da aka ja ya wuce iyakarsa ba ya daɗewa yake saki, kai ka fi ni sanin wannan a keken ɗinki.

Tun daga ranar na daina raina abin. Sa ƙarfi a bututu ba wuya, kowane makaniki zai iya. Wahalar ita ce a auna ƙarfin da zai kai harsashi ƙarshen tsakar gida amma ya daki kumatun yaro bai bar tabo ba, sannan abin ya jure hannun ɗan shekara takwas da zai ɗana shi sau ɗari a wuni. Rabin ƙananan robobin da ke cikin bindigar nan aikinsu hanawa ne. A manyan ma akwai wata sakata da ke kulle kunama muddin ba a mayar da abin ɗanawa mazauninsa ba.

Dole na sayi sabuwa na biya Walid, shi ne na haɗa da ta takwarana, iri ɗaya, ta kamfanin Nerf. Babban ɗana Abba, da ba ya rabuwa da waya, shi ya karanto min asalinsu. Wai da ƙwallo aka fara. Wani Ba'amurke mai suna Reyn Guyer ne ya fito da ƙwallon soso a 1969, wanda za a buga a cikin ɗaki ba a fasa fitila ba, kamfanin Parker Brothers ya sa shi a kasuwa. Bindigar farko mai irin wannan harsashi sai a 1992 ta fito, kuma yanzu sunan yana hannun kamfanin Hasbro. Ya kuma nuna min hoton Lonnie Johnson, wani injiniya baƙar fata da ya yi aiki a hukumar sararin samaniya ta NASA, wanda ya ƙirƙiro bindigar ruwan nan Super Soaker, kuma akwai dabarunsa a cikin na soso. A 2013 aka yanke a biya shi kusan dala miliyan 73 na haƙƙin ƙirƙirarsa. Na ce wa Abba ka ji, mu muna nan muna wanke esi a kan riyal hamsin. Bakin bindigar da za ka gani ruwan lemo shi ma ba ado ba ne, dokar Amurka ce tun 1988, don a bambanta ta wasa da ta gaske.

Harsashin kansa ka duba shi da kyau, ya isa kallo. Tsawonsa santimita 7 da ɗan ɗoriya, kaurinsa rabin inci, nauyinsa wajen giram 1. Jikin soso ne mai rami, kan kuma roba ce mai laushi da ta fi jikin nauyi. Babu gashin tsuntsu a bayansa, bututun kuma santsi ne, ba ya murɗa shi. Nauyin gaban nan kaɗai ke sa shi ya tafi da kai, kamar kibiyar maharba da ƙarfe ke jan kyauro. A gefen kan akwai ɗan huji, don in ya daki mutum iskar ciki ta fita, kan ya lotse maimakon ya yi tauri. Yana fita da gudun kusan mita 21 a daƙiƙa, wato wajen kilomita 75 a awa. Ka ji kamar da yawa, amma giram ɗaya ne, kuma iska na cinye gudun nan da nan. Nau'in Elite da suka fitar a 2012 sun yi tallarsa da cewa yana kai ƙafa 75, kusan mita 23, sai dai ka ɗaga baki sama kafin ka ga hakan. Saiti kuwa kada takwarana ya sa rai, bayan 'yan taku harsashin ke fara rawa ya bi inda ya ga dama.

Wadda na aiko mai ganga ce, tana cin harsashi 6. Wannan ɓangaren kai zai fi burgewa. Akwai ɗan hannu a ciki da ke tura haƙoran gangar ta juya rami ɗaya cif, ta tsaya daidai bakin bututun iska, kamar yadda haƙoran keken ɗinki ke jan yadi taku ɗaya bayan kowane suka. In ta kauce ko da kaɗan, iska ta zube a banza.

Akwai wani nau'in da ba ya amfani da iska sam. Ɗan maƙwabcinmu, wani Bahaushen Sudan daga Mai Wurno, yana da ita. Batir huɗu take ci. A ciki ƙananan injina biyu ne ke juya tayoyi biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kowace na juyawa saɓanin 'yar uwarta, da 'yar tazara a tsakani da ba ta kai kaurin harsashi ba. Ka tuna injin taliyar da Inna ke murzawa, yadda ƙarafa biyu ke kama kwaɓi su turo shi? Haka tayoyin ke cafke soso su tofar da shi. Tana harbi da sauri, amma sai ta yi kuka kamar injin aski kafin ta shirya, tana cin batir, tana kuma goge jikin harsashi. Da tsadar batir a gida ban ga dalilin ɗora maka wannan ba.

Ga abin da nake roƙo. Harsasai 30 na ƙara a leda, ka ɓoye rabi, domin cikin mako guda za su ƙare a kan rufin kwano da bayan randa. Kada a bar su a rana ko a cikin gangar kwana da kwanaki, suna lanƙwashewa su motse, kuma wanda ya motse ba ya toshe bututu, iska sai ta wuce ta gefensa. Namu da muka manta a mota wuni ɗaya sun koma kamar ayaba. In hunturu ya zo ƙura ta shiga, ƙarfi ya ragu, to a nan na yarda ka buɗe. Ka ɗau hoton cikin da waya kafin ka taɓa komai, don akwai wani ɗan sifirin na sakata da ke tsalle ya ɓace, na yi rabin awa a durƙushe ina nemansa a ƙarƙashin kujera. Ka goge bututun, ka shafa wa zoben man silikon. Ban da man keke, ban da giris ɗin mota, ban da basilin, suna iya kumbura roba su lalata ta. Bawul ɗin nan kuma ka bar shi inda ka gan shi.

Sai batun ido. Soso ne, amma daga kusa yana iya yi wa ido illa ta gaske, kuma akwai harsasan bogi masu kan roba mai tauri da ake sayarwa da araha, kada a saya masa su. Ka kafa masa doka tun ranar farko: ba a saita fuska, ba a harbin ƙannensa, ba a harbin kajin Inna. Mu nan gwangwanayen madara muke jera musu a kan katanga. Ba zan ɓoye maka ba, bayan sallar isha'i in yara sun yi barci, ni da Abba mukan ɗan gwada hannu, kuma ya fi ni.

Ka rubuto min ko ka yi min saƙon murya in kayan sun iso, ka kuma faɗa min gaskiya kwana nawa ka yi kafin ka kwance ta. Maganar filin nan na Rijiyar Zaki ka dakata tukuna, sai bayan aikin Hajji zan san abin da ke hannuna. Maman Walid na gaida amaryarka, ta ce turaren na kwalba mai ruwan ƙasa nata ne, kada ka taɓa. A shafa min kan takwarana.

Naka har kullum,
Habibu