Rahoton Ayyukan Shekara: Karatunmu Kan Mata Masu Zane a Turai da Amurka

Assalamu alaikum, 'yan uwa membobi.

Kamar yadda babban taron bara ya yanke, bana mun keɓe zaman karatunmu na wata-wata ga mata masu zane na Turai da Amurka. Ga bayanin yadda aka gudanar.

Zaman karatu

Daga Italiya muka faro, da Artemisia Gentileschi, wadda aka haifa a Rum a 1593, ta kuma zama mace ta farko da makarantar zane ta birnin Florence ta karɓa a matsayin mamba a 1616. Sai Judith Leyster ta garin Haarlem a Holan. Bayan rasuwarta a 1660 sunanta ya ɓace ɓat, aka riƙa jingina zanenta ga shahararren mai zanen Holan Frans Hals, har sai a 1893 da aka gano tambarinta, harufan J da L haɗe da tauraro, a jikin wani zane da aka sayar da sunansa.

Zaman da ya fi ɗaukar zafi shi ne na makarantar zane ta masarautar Ingila. Da aka kafa ta a Landan a 1768, akwai mata biyu cikin waɗanda suka assasa ta, Angelica Kauffman da Mary Moser. Amma da Johan Zoffany ya zana membobin a ɗakin koyon zanen jikin mutum, matan biyu ba su cikin taron, hotunansu kawai ya rataye a bango, domin ba a yarda mace ta shiga wannan ɗaki ba. Wanda bai koyi zanen jiki ba kuwa, ba shi da hanyar yin manyan zanen tarihi, waɗanda su ne ke kawo suna da kuɗi a lokacin. Shi ya sa aka bar wa mata zanen fuska da furanni, daga baya kuma aka dawo ana cewa iyakar abin da suka iya ke nan. Sai a 1936 makarantar ta sake zaɓen mace cikakkiyar mamba, wato Laura Knight. A nan membobinmu suka rabu biyu: wasu na ganin hanin ya dace da kunya, wasu na cewa da an so da an nemo musu wata hanyar koyo. Ba a cimma matsaya ba, kuma a ganina hakan bai ɓata zaman ba. Kwamiti dai ya riƙa tace hotunan da ake haskawa a majigi, babu na tsiraici a ciki.

A Faransa mun duba Berthe Morisot, wadda ta shiga baje kolin farko na masu salon Imfireshanizim (zanen da ke kama haske da launi yadda ido ya gan su a take) a Faris a 1874, ta kuma halarci bakwai cikin takwas da suka yi. Duk da haka, da ta rasu a 1895, a takardar shaidar mutuwarta an rubuta ba ta da sana'a. Mary Cassatt, 'yar Amurka da mai zane Degas ya gayyata cikinsu, ba ta sami lokacin da ya kamace ta ba saboda ranar an ɗauke wuta.

Ƙarni na 20 a gurguje muka bi shi. Hilma af Klint ta Suwidin ta fara zanen da ba ya kwaikwayon surar komai tun 1906, kafin mai zanen Rasha Kandinsky da aka daɗe ana ba shi lambar fara wannan salo. Georgia O'Keeffe kuwa, zanenta na wani farin fure an saye shi dala miliyan 44.4 a 2014, abin da ya sa ɗakin ya kaure da salati.

Horo na aikin hannu

A hutun makaranta mun koya wa 'yan mata dabarar Helen Frankenthaler ta 1952: a tsinka fenti ya yi ruwa, a zuba a kan ƙyallen da aka shimfiɗa a ƙasa ya tsotse. Farin yadi muka saya a kasuwa, ya kuma yi aiki. Muna godiya ga iyayen da suka bar 'ya'yansu suka zo.

Matsaloli

Halarta ta ja baya da damina. Littattafan wannan fanni da Hausa babu su a hannunmu, don haka masu gabatarwa ke fassara da kansu, kuma nauyin ya faɗa kan mutane ƙalilan. Kuɗin wata ma da yawa ba su biya ba. Ma'aji zai karanto nasa rahoton dalla-dalla.

Shirin baɗi

Kwamiti na ba da shawarar a kammala mai zane 'yar Amurka Lee Krasner da Guerrilla Girls, ƙungiyar mata masu zane ta 1985 mai yaƙi da wariyar da ake yi wa mata, waɗanda lokaci bai ba mu damar kai wa gare su ba, sannan a juyo gida kan Ladi Kwali, maginiyar tukwanen da hotonta ke bayan takardar naira 20, wadda ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane ta Baturen Ingila Michael Cardew a tsohuwar Abuja, Suleja ta yau, a 1954, ta kuma nuna gwanintarta a Turai da Amurka. Mai son ɗaukar gabatarwa ya ba da sunansa kafin a tashi taro.

Sakatariyar ƙungiya,
a madadin kwamitin gudanarwa