Wasiƙa daga Kano: ɗalibaina a karofin Ƙofar Mata

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Yaya Yamai, yaya fama da yara?

Ka tambaye ni ko koyarwa ta hanyar ba ɗalibai aikin bincike tana da wani amfani. Wallahi tana da shi, na gani da idona.

A zangon da ya wuce, maimakon in cika allo da rubutu 'yan aji biyu na babbar sakandare su kwafa, sai na kasa su rukuni-rukuni, na ba su tambaya guda: me ya sa zanen da aka tsamo daga ramin rini yake fitowa kore-kore, sannan ya koma shuɗi? Muka ɗunguma karofin Ƙofar Mata. Marina suka nuna musu yadda ake haɗa baba da toka, a bar shi kwana da kwanaki ya nuna. Suna tsaye marini ya ɗago zane, launin ya rikiɗe a hannunsa. Wani yaro ya ce ai rana ce. Wata ta ce to a gwada a inuwa. Aka gwada, ya sake rikiɗewa. Da kansu suka kai ga cewa iska ce, wato oksijin ɗin da ke cikinta. Wannan "a gwada" ɗin ita na daɗe ina jira in ji daga bakinsu.

Bakinsu ma ya buɗe. Dole suka koyi gaida dattawa da yin tambaya cikin ladabi. Ranar gabatarwa, yarinyar da ko hannu ba ta ɗagawa ta tsaya gaban aji ta kare binciken rukuninsu, da Hausa da Turanci, ba ta duba takarda ba.

Abin ba sabo ba ne. Tun 1896 masanin ilimi ɗan Amurka, John Dewey, ya buɗe makarantar gwaji a Chicago bisa wannan tunani, marinanmu da maƙeranmu kuwa da hannu suke koyar da 'ya'yansu tun kaka da kakanni.

Akwai wahala fa. Manhajar WAEC ba ta jiran kowa, aji ya cika maƙil, kuma kowane rukuni ba ya rasa mai raɓewa a bayan 'yan uwansa. Shi ya sa na wajabta wa kowa yin magana ranar gabatarwa.

Ka gwada da naka ɗaliban, ga kogin Kwara nan kusa da ku, ba za su rasa abin bincike ba. Ina sauraron labarin yadda ta kaya.

A gaida uwargida da yara. Allah ya bar zumunci.

Naka,
Amininka